Yadda Injiniya Ya Sa wa Tankin Gwaggo Waifai

Ba wata makaranta ce ta ba shi sunan Injiniya ba. Shi ya raɗa wa kansa ranar da ya canza wa tocila batir ta kama, kuma da yake mutane ba sa son dogon musu da mai surutu, sai suka bar masa abinsa. Sana'arsa ta gaskiya manna wa wayoyi gilashi ce a wani ɗan teburi a bakin titi. Ko a nan ɗin ma, in ka karɓi wayarka ka duba da kyau, sai ka ga kumfar iska a kusurwa. In ka yi magana ya ce ai nan ne wurin numfashin waya.

Shi da matarsa suna zaune ne a gidan Gwaggo, yayar mahaifinsa, a ɗakin sama mai tagogi biyu, inda iska ke kaɗawa ko ana tsananin zafi. Duk gidan ba ɗakin da ya kai shi. Tela, wanda ke haya a ƙasa a wani ɗan ƙuntataccen ɗaki da ke jikin injin ruwa, ya daɗe yana haɗiyar yawu a kansa. Kullum in ya gaida Gwaggo sai ya ɗaga kai ya dubi tagogin nan ya yi ajiyar zuciya.

Gwaggo kuwa haƙurinta ya zo wuya. Injiniya ya gyara mata fanka, fanka ta koma juyawa da baya. Ya gyara mata dutsen guga, dutsen ya cinye mata mayafi. Ranar da ya taɓa firji, firjin ya wuni yana gurnani har ƙanƙara ta koma ruwan ɗumi. A ranar ce ta kira shi ta nuna shi da sandarta.

"Kai, buɗe kunnenka da kyau. Abu ɗaya ka sake ɓata mini a gidan nan, ko ƙwan fitila ne, ka sauko mini daga ɗakin nan. Ga Tela nan yana jira."

"Haba Gwaggo, ai gwaji ne. Duk manyan masu ƙirƙira na duniya..."

"Su je su ƙirƙira a gidan gwaggonsu."

Da mai hankali ne, da ya kama kansa. Shi kuwa Injiniya sai ya ga abin da ya rage masa shi ne ya yi wa Gwaggo wani gagarumin aiki da zai rufe mata baki har abada. Idonsa ya faɗa kan injin ruwa.

Injin yana bayan gida, yana tura ruwa daga rijiya zuwa baƙin tankin da ke kan rufi. Gwaggo ba ta yarda da kowa a kansa ba, makullin akwatinsa ma a wuyanta yake rataye. Da ciwon gwiwarta da komai take dogara sanda ta zagaya ta kunna, ta zauna ta zuba wa bututun ambaliya ido, wato wanda ke zubar da ruwa in tanki ya cika. Yana fara ɗiga sai ta kashe ta kulle.

Ba a daɗe ba aka kawo wa Injiniya wani ɗan ƙunshi. Ko gida bai shiga da shi ba, kai tsaye ya wuce shagon mai aski, inda majalisar layin take.

"Ku matso ku ga inda duniya ta kai!"

Ya buɗe tafin hannunsa. Wani ɗan baƙin allo ne, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, da ƙananan ƙafafu a jere gefe da gefe kamar mataji. Mai aski, wanda tun suna yara suke tsokanar juna, ya leƙo da almakashi a hannu.

"Wannan kyankyason ƙarfen fa?"

"Kyankyaso? Kwamfuta ce sukutum, jahili. Ka ga wannan ɗan farin ƙarfen da ke tsakiya? Ƙwaƙwalwa ce, da waifai a cikinta. Ƙafafun nan kowacce da aikinta. Wannan ta ji zafi, wannan ta ji motsi, wannan ta kunna fitila. Cajar waya kawai yake ci. In ba aiki ya yi barci, aiki na zuwa ya farka."

"Ashe ya fi ka. Kai ko aikin ya zo ba ka farkawa."

Aka kwashe da dariya. Injiniya bai ko kula ba.

"Da shi zan riƙa kunna injin Gwaggo daga ko'ina a duniya. Ko ina cikin jirgin sama."

"Ka taɓa shiga?"

"Na ce ko."

Allah ya taimake shi guda biyu ya saya. Na farkon bai wuni ba. Injiniya ya ga cin mutunci ne a ce babban aiki irin nasa da cajar waya zai tashi, sai ya jona masa batirin babur. Allon ya yi wani ɗan fit, fitilarsa shuɗiya ta haska sau ɗaya tak, hayaƙi ya biyo baya.

Matarsa ta leƙo tana jan hanci. "Maigida, wani abu na ƙonewa."

"Ba ƙonewa ba ne, sabawa yake da yanayin ɗakin."

"To ya saba, ga shi nan har ya manne da ledar teburina."

Na biyun ya lallaɓa shi kamar ƙwai. Ya jawo tsohuwar kwamfutarsa, wadda sai an danne igiyarta da kofi take kamawa, ya kwafi umarnin da wani ya nuna a bidiyo harafi bayan harafi, ba tare da ya san abin da rabinsa ke nufi ba. Allon yana iya shiga waifai ɗin gida, yana kuma iya watsa nasa na kansa. Da yake gidan ba waifai, sai Injiniya ya zaɓi na biyun, ya raɗa masa suna da manyan baƙaƙe: INJINIYA NA DUNIYA. Ya tsara shafin da zai buɗe da kansa da zarar waya ta shiga. A sama hotonsa ne ya riƙe haɓa yana duban nesa, a ƙasa kuma madannai biyu, kore mai cewa KUNNA da ja mai cewa KASHE.

Sai aka zo wurin kalmar sirri. Ya sa shekarar haihuwarsa, allon ya ƙi tashi, domin ba ya karɓar gajeriyar kalma. Ya sake sawa, ya sake ƙi. Ran Injiniya ya ɓaci.

"Kai! Ni na saye ka, kai ne za ka gaya mini tsawon sirrina?"

Ya goge layin kalmar sirrin baki ɗaya. Nan take allon ya tashi, 'yar shuɗiyar fitila na ƙyafta masa ido. Injiniya ya gyara zama, ya ce ka ji, abu sai an nuna masa ba a wasa.

Matarsa ta jima tana kallon shafin ta bayan kafaɗarsa. "To ita Gwaggon da me za ta danna? Wayarta fa ƙarama ce mai tocila."

"Sai ta kira ni, ni in danna."

"To me zai hana ta kira ka ka je ka kunna da hannu?"

"Ke matsalarki ba ki da hangen nesa."

Samun makulli shi ne babban aiki. Ya yi ta zirga-zirga ɗakin Gwaggo, yau ya kawo man zafi, gobe ya tambayi gwiwa, jibi ya ba da labarin wata tsohuwa da ta zame a bayan gida. Da ta gaji da shi sai ta buɗe akwatin da kanta, ta tsaya a kansa da sanda. Ya haɗa wani ɗan shuɗin akwati da ake kira rile, wanda shi ke karɓar umarnin allon ya kunna abu mai cin wuta da yawa. Suka koma ɗakinta. Ya ɗaga waya sama, ya yi gyaran murya, ya danna kore.

Abin mamaki, injin ya tashi. Ya danna ja, injin ya tsaya.

Shi kansa Injiniya sai da ya razana, don bai saba ba. Gwaggo ta kalle shi, ta kalli wayar, ta taɓe baki ta ce, "To." Ita fa wannan "to" ɗin, duk tsawon zamansa a gidan bai taɓa samun yabon da ya kai ta ba.

Washegari ya zauna a teburinsa na bakin titi, ya tara mutane, ya danna kore. Shiru. Ashe ko'ina a duniyar nan da ake faɗa a bakin ƙofar gida ta ƙare. Sai ya saka allon a cikin robar man shafawar matarsa, ya hau rufi ya ɗaure shi a kan doguwar sanda kusa da tanki, ya ja igiyar wuta har ƙasa. Daga can sama kuwa waifai ɗin ya buɗe fukafuki. Ya kai teburin Injiniya, ya kai shagon mai aski, ya kai wurin mai shayi, har tashar da ake jiran mota.

Abin da Injiniya bai lissafa ba shi ne halin mutane. Mutum in ya ga waifai a buɗe ba makulli, ba ya tsayawa tambaya. Masu jiran mota suka shiga, masu jiran aski suka shiga. Shafi ya buɗe, ga Injiniya ya riƙe haɓa, ga KUNNA. Kowa ya ɗauka intanet ɗin kyauta ne za a kunna masa, sai ya danna kore. Ya jira, ba komai, ya ja tsaki ya fita. Ja kuwa ba wanda ya taɓa shi, don wa zai kashe abin kyauta?

Kafin azahar sai ga Tela ya fito da wando a nannaɗe, ɗauke da yadin mutane yana ɗigar ruwa.

"Injiniya! Ruwanka ya shigo mini ɗaki!"

"Ruwan Gwaggo dai. Ni ina da rijiya ne?"

"Kayan mutane ne fa, gobe za a karɓa!"

"Ai gara da ka jiƙa shi yanzu. Ɗinkinka dama wanki ɗaya yake tsukewa."

Gwaggo ta fito tana dogara sanda. Bututun ambaliya na ta kwarara, bayan gida ya zama tafki, takalman Tela na yawo a kai.

"Wa ya kunna mini inji?"

Injiniya bai sani ba, amma rashin sani bai taɓa hana shi amsa tambaya ba. "Allon ne, Gwaggo. Ya ji tanki na jin ƙishirwa. Ƙwaƙwalwa gare shi."

"Ƙwaƙwalwar da ba ta san ƙoshi ba? Irin taka ce ke nan."

"Amma Gwaggo ki duba, ba abin da ya lalace. Ruwa ne ya zuba, kuma ƙasa ya koma, inda ya fito."

Tela ya ɗaga kai ya dubi tagogin sama, ya yi ajiyar zuciya mai ƙarfi don Gwaggo ta ji. Ta ji kuwa, amma ta ce a bar shi tukuna.

Injiniya ya zauna ya yi nazari, ya gano cewa matsalar ita ce ba ya sanin lokacin da injin ya tashi. Sai ya samo hon ɗin wata tsohuwar babbar mota wajen 'yan gwangwan masu sayar da tsofaffin ƙarafa, ya haɗa shi da wata ƙafar allon ta wani rile ɗin, ya ɗaure shi a rufi. Duk sanda aka ba da umarnin kunnawa, hon zai yi kuka, shi kuma daga teburinsa ya danna ja. Har ga Allah ya ɗauka ya gama da matsala.

Wani mai jiran aski ne ya fara ganowa. Ya danna kore yana neman intanet, sai ɓaaam daga rufin Gwaggo. Ya sake dannawa, ɓaaam. Ya nuna wa mai aski. Mai aski ya karɓa ya danna, ya leƙa waje, ya hango Injiniya a teburinsa ya zabura yana lalubar waya. Sai da mai askin ya zauna a ƙasa don dariya.

"Duk wanda ya gaya masa," in ji shi yana share hawaye, "kada ya sake kawo mini kansa."

Kafin yamma layin gaba ɗaya ya sani, ban da mutum uku: Gwaggo, da Tela mai ƙaramar waya irin tata, da mai abin. Masu kati in ɗaya ya ci sai ya danna. Mai shayi in ruwansa ya tafasa sai ya danna. In musun ƙwallo ya yi zafi, wanda ya rasa hujja sai ya danna. Injiniya kuwa ya wuni yana danna ja har babban yatsansa ya yi tsami, ya manna wa wata mata gilashi a bayan waya. Gwaggo ta kishingiɗa barcin rana, hon ya tashe ta ta wurgar da matashi. Ta ɗauki kofin shayi, hon ya sa ta sheƙa shi a cinya.

Injiniya ya sake nazari, a wannan karon ya gano abin da ya faranta masa rai ƙwarai. Ya shiga shagon mai aski yana taku ɗai-ɗai, ya zauna a kujera, aka yafa masa ƙyalle.

"Jama'a, maganar ta wuce ku. Ɓarayin intanet na ƙasashen waje ne suka gano ni."

"Kai haba!" in ji mai aski, ya fara aski da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana aljihu. "Me suke nema a tankin Gwaggo?"

"Ba tankin ba ne, basirar ce. Irinsu ba sa son ganin wani ya taso. Amma sun taɓo daidai da su. Ni da kake gani ba a yi wanda zai shiga na'urata ba tare da..."

Ɓaaam!

Injiniya ya zaro waya ya danna ja. "Ka ji su. Suna saurarena."

"Allah sarki. Daga can ƙasashen wajen?"

"Daga can. Amma yanzu na toshe su. In sun isa su sake..."

Ɓaaam!

Wani dattijo da ke jiran layi ya fita waje da tari. Mai shayi da ya leƙo ya cusa hula a baki. Injiniya ya danna ja, hon ya sake, ya danna ja, hon ya sake. Can sai muryar Gwaggo ta ratso layin tana kiransa da sunansa na yanka, wanda rabon da a ji shi an manta. Ya fizge ƙyallen ya fita a guje, rabin kansa tas, rabin kamar daji.

"Ka cire mini wannan masifar yau ɗin nan!" in ji Gwaggo. Idonta ya yi ja saboda rashin barci.

"Gwaggo, ki ba ni zuwa la'asar. Zan gyara a gaban kowa. In ya sake yin ko uffan ba da izinina ba, da kaina zan sauko da katifata."

"Tela, ka ji ko? Kai ne shaida."

"Na ji, Gwaggo," in ji Tela, bakinsa har kunne.

A ɗaki matarsa ta tare shi. Ta tsorata da gaske, shi ma haka, ko da yake ba zai faɗa ba.

"Maigida, ka cire abin nan kawai. Ni ina son tagogina. Kuma ni fa ko jiya da zan yi wanki, a wayata na..."

"Don Allah bar ni da zancen wanki, ina yaƙi da ƙasashen waje."

Ta bi shi da ido.

Dabaru biyu ya yi, kuma kowacce sai da ya jinjina wa kansa a kanta. Ta farko, ya sauya aikin madannan: kore mai cewa KUNNA ya koma kashewa, ja mai cewa KASHE ya koma kunnawa. In ɓarayin nan suka danna kore, sun kashe ke nan ba su sani ba. Ta biyu, ya cusa tsumma a bututun ambaliya ya danna da sanda, don kada bututun ya sake tona masa asiri a gaban Gwaggo. Tankin kuwa dama a cike yake taf tun safe.

Dabarar farko ta yi aiki. Layin ya yi ta danna kore, shiru. Mai aski ya ce shi ke nan, wasa ya ƙare. Injiniya ya bi shago-shago yana gayyata, ya ce kowa ya zo ya ga yadda ake karya ƙasashen waje.

Da la'asar tsakar gida ta cika. Injiniya ya sa hula ya rufe rabin askinsa. Ya ajiye wa Gwaggo kujera a inuwar bango, daidai ƙarƙashin tanki, ya ce nan ne wurin babbar baƙuwa. Tela ya tsaya a gefe, har ya ɗaure kayansa a buhu.

Injiniya ya yi jawabi mai tsawo a kan ƙwaƙwalwar allon, da ƙafafunsa, da nisan waifai ɗinsa, da maƙiya na ciki da na waje. Da ya zo na ciki sai ya harari Tela.

"Kun ji shiru tun ɗazu? To a faɗin duniyar nan yatsa ɗaya ne wannan inji yake ji, ga shi nan. Gwaggo, ba ni umarni."

"Umarnina shi ne a bar shi a kashe."

"An gama. Kashewa a kan kashewa."

Daɗin jawabi ya riga ya kwashe masa tunani. Ya ɗaga waya sama yadda kowa zai gani, ya danna ja.

Ɓaaam! Injin ya tashi.

"Wannan gaisuwa ce," in ji shi. Ya sake danna ja. Ɓaaam. Ya sake. Ɓaaam.

A sama tanki ya fara wani irin nishi. Ruwa ya nemi bututu ya tarar da tsumma. Murfin ya kumbura, ya yi tsalle ya faɗo tsakar gida yana gangarawa, ruwa ya biyo bayansa ta gefen rufi, bai zame ko'ina ba sai kan Gwaggo.

"Wayyo Gwaggo!" in ji mai aski. A nan ne wasa ya fita daga ransa, don tsohuwar nan ta ɗauke shi yana jariri. Ya zaro waya. "Jama'a a kashe! Ku danna ja!"

Sai ga wayoyi suna fitowa daga aljihuna. Mai shayi, da masu kati, da dattijon nan mai tari, kowa ya zage yana danna ja da zuciya ɗaya don ceton Gwaggo. Hon ya kama kuka ba numfashi. Allon kuwa wayoyi kaɗan yake iya ɗauka a lokaci guda, da suka yi masa yawa sai ya fara korar wasu, kuma wadda ya fara kora ita ce ta Injiniya.

Ya tsaya da waya a hannu, yana duban hagu da dama. Duk inda ya juya sai ya ga hotonsa a fuskar wata waya, ya riƙe haɓa yana duban nesa. Ya juya bayansa, ga matarsa ita ma tana dannawa.

"Har da ke?"

"Na so in gaya maka, ka ce kana yaƙi."

"Mutumina," ya ce wa mai aski cikin ƙarar hon, "kai ne ƙasashen wajen?"

"Ni da duk layin nan! Me ya sa ba ya mutuwa?"

Sai a lokacin Injiniya ya tuna da sauyin da ya yi. "Kore! Ku danna kore! KUNNA ne kashewa!"

"Ka haukace? So kake mu ƙara mata?"

Gwaggo ta lalubo sandarta. Ta miƙe, ruwa na zuba daga ɗankwalinta, ta dogara sanda ta ratsa mutane. Ta isa zaure inda babban makunnin wutar gidan yake, ta ɗaga sanda ta maƙalo shi ƙasa. Hon ya yi wani ɗan kukan ƙarshe ya mutu. Injin ya tsaya. Ba abin da ake ji sai ɗigar ruwa daga rufi.

Ta dawo ta zauna a jiƙaƙƙiyar kujerarta, ta matse bakin mayafi.

"Gwaggo," in ji Injiniya, hularsa ta faɗi, rabin askin a fili, "in aka duba da kyau, har yanzu ba abin da ya..."

"Makullin ɗaki."

Ya dubi matarsa, ta kau da kai, idonta ya ciko. Wannan ya fi masa ruwan da dariyar ciwo. Ya zaro makullin ya miƙa, Gwaggo ta miƙa wa Tela. Tela ya saɓa buhunsa ya haye sama bibbiyu, ko godiyar kirki bai tsaya yi ba.

"Don albarkacin matar nan taka ba zan kore ka ba," in ji Gwaggo. "Ku koma ɗakin Tela, jikin inji. Ka ce ba ka son in riƙa wahalar da gwiwata, ko? Na gode, na kuma yarda. Daga yau ina daga kujerata, in na ce kunna, ka kunna. In na ce kashe, ka kashe. Da hannu. Kuma kashe ɗina kashe ne."

Haka aka yi. Matarsa ta karɓe robar man shafawarta, ta jefa allon a kwandon da take tara maɓallai. Ɗakin Tela taga ɗaya gare shi, ita ma bango take kallo, kuma duk sanda inji ya tashi sai kwanukan da ke kan kanta su kama rawa. Matarsa ta yi kwanaki ba ta ce masa komai sai "ga abinci." Tela kuwa kullum da rana sai ya buɗe tagogin nan biyu ya jingina, ya ce wa Injiniya sannu da zafi.

Da ƙyar Injiniya ya koma shagon mai aski don a ƙarasa masa ɗaya rabin askin. A majalisa kowa na danne dariya. Aka yafa masa ƙyalle.

"Injiniya, ya labarin waifai?" in ji mai aski.

Injiniya ya gyara zama, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Waifai ai tsohon yayi ne, mun wuce nan. Tsarin da na sa wa Gwaggo yanzu da murya yake aiki. Ba waya, ba caja, ba kalmar sirri. Magana kawai za ta yi daga inda take zaune. Kuma duk duniya muryarta kaɗai yake ji."

"Kai haba! Yana kaiwa nesa kuwa?"

Kafin ya ba da amsa, muryar Gwaggo ta ratso layin, ta wuce mai shayi, ta shigo shagon.

"Kunnaaa!"

Injiniya ya cire ƙyallen a hankali, ya ninke, ya miƙa wa mai aski.

"Ka ji da kunnenka," in ji shi. "Har nan yana kamawa."

Ya fita da sauri, da sauran kumfa a bayan kunne.